Taraktata tana juyawa amma ta ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a kusa da Tahoua. Na gaji wata tsohuwar tarakta daga mahaifina, Massey Ferguson 35 mai shan fetur, wadda na ajiye tun bayan kaka. Da na ga damina ta ƙarato na zo tayar da ita, sai injin yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. Na saka sababbin buji (filogi) ban ga canji ba, makanikin da na kira kuma ya ce sai an sauya karbireta. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ka fitar da kuɗin karbireta tukuna. Wannan samfurin, wanda aka ƙera tsakanin 1956 da 1964, ya fito ne iri-iri, ciki har da mai gazuwal (dizal) da mai fetur, kuma da yake yawancin taraktocin da ke ƙasar nan masu gazuwal ne, waɗanda ba su da buji ko delko (na'urar da ke raba wuta ga buji), ba kowane makaniki ne hannunsa ya saba da irin taka ba. Tunda injin yana juyawa da ƙarfi, batir da demare (na'urar da ke juya inji don ya tashi) sun fita daga zargi, abin da ya kamata a fara tabbatarwa shi ne ko wuta tana isa buji.

Ka fitar da giya, ka tabbata babu fetur da ya zube a jikin inji, sannan ka zare wayar tsakiya daga murfin delko, wato wadda ta taso daga bobin, na'urar da ke ƙara ƙarfin wutar batir. Ka riƙe ta da busasshen icce, bakinta ya kusanci ƙarfen inji da tazarar kamar milimita 6, wani ya murza maka makulli. Idan ka ga tartsatsi shuɗi yana tsalle da ƙara "tas-tas", bobin da filatin lafiyarsu lau. Idan kuwa ja ne mai rauni, ko babu shi sam, to ka buɗe murfin delko.

A ganina nan ne ciwon yake. Filatin wasu ƴan ƙarafa biyu ne a cikin delko da ke haɗuwa suna rabuwa yayin da inji ke juyawa, kuma a duk rabuwarsu ne bobin ke sakin wuta mai ƙarfi. Taraktar da ta kwashe wata shida a ajiye, ta sha ƙurar hunturu, sau da yawa za a tarar fuskar filatin ɗinta ta yi wani fari-fari ko baƙin datti da ke hana lantarki wucewa, alhali a ido kamar sun haɗu. Ka goge su da takardar yashi mai laushi, ka ratsa farar takarda tsakaninsu har sai ta fito ba tabo, sannan ka juya inji da hannu har su buɗe iyakar buɗewarsu ka daidaita tazarar a kusan milimita 0.4. Idan ka tarar sun ƙone sun yi rami, kondansa, ƴar na'urar da ke kare su daga ƙonewa, ce ta gaji, sai a sauya su tare domin ba ta da tsada.

Akwai gwaji mai sauƙi da ƙwan fitila na bolt 12 da aka ɗaura wa waya biyu. Ka sa ɗaya a kan bakin bobin da ke zuwa delko, ɗaya a jikin inji, a murza makulli. Ya kamata ƙwan ya riƙa kamawa yana mutuwa. In ya kama ya ƙi mutuwa, filatin ba sa haɗuwa da kyau. In bai kama ba ko kaɗan, ko dai wuta ba ta zuwa daga makulli, ko kuma tana zurarewa a cikin delko. Bobin ita ce ta ƙarshe da zan zarga, sai fa idan an taɓa mance makulli a kunne ta yi zafi.

Idan tartsatsin farko ya fito shuɗi, ka duba murfin delko ko ya tsage, da ɗan gawayin da ke tsakiyarsa ko ya cinye. Ina kuma da tambaya gare ka: ranar da ka sauya buji, ka zare wayoyin huɗu a lokaci guda? Mutane da yawa a nan suke rikita su. Jerin wutar wannan inji shi ne 1-3-4-2, ana ƙirgawa daga bujin da ke kusa da lagireto, kuma in an saɓa shi inji zai riƙa tari yana harbi ba tare da ya tashi ba.

Sai wuta ta tabbata a kan kowane buji ne za a koma kan mai. Fetur da ya daɗe a tanki cikin zafin Tahoua yakan lalace ya bar danƙo, saboda haka ka zubar da tsohon, ka wanke kofin gilashin da ke ƙarƙashin tanki, ka zuba sabo. In har ta kai ga karbireta, ka ce wa makanikin ya kwance ta ya wanke ƙananan hanyoyinta ya hura musu iska, a gwada ta kafin a yi maganar sayen wata.