Shimi ko injiniyancin sinadarai: wanne zan karanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Maraɗi, bana na samu BAC, seri D. Ina son shimi (kimiyyar sinadarai) ƙwarai, amma a gida ana ce mini injiniyancin sinadarai ya fi samun aiki. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa, barka da samun nasara. Sunan ne ya yi kama, aikin kuwa daban.

Ɗauki sabulu. Masanin shimi zai gaya miki kilo 1 na man gyaɗa yana buƙatar soda wajen giram 136, ya kuma auna ko sodar ta yi saura har ta ci fata. Injiniya kuma ana ba shi wannan sakamakon a ce ya fitar da tan 10 kullum. A nan matsala ke ɓullowa. Soda na fitar da zafi in ta narke a ruwa. In aka ninka tsawo da faɗi da zurfin tukunya sau 10, cikinta ya ƙaru sau 1000, amma bangon da zafin ke fita ta cikinsa sau 100 kaɗai ya ƙaru. Abin da ya huce da kansa a kwalbar gwaji sai ya tafasa ya yi ambaliya a masana'anta. Lissafin famfo, bututu, sanyaya tukunya da kuɗin wuta, shi ne abincin injiniya.

Saboda haka karatunsa lissafi da fizik ne suka fi yawa, shimin kaɗan ne. Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe: sun shiga don son haɗa sinadarai, sai suka tarar da lissafin gudun ruwa da tafiyar zafi. Duba makinki na lissafi da fizik a shekaru biyun ƙarshe na lise. In da ƙyar kike kai 10 bisa 20, kada sunan "injiniya" ya ruɗe ki.

Shimi kina iya karanta shi nan gida a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ko a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai: lisans shekara 3, masta shekara 2. Mai lisans kaɗai galibi koyarwa yake samu, ko aikin ɗakin gwaji na auna ingancin ruwa, magani da abinci. Bincike kuwa sai da masta da dakta.

Injiniyanci yakan ci shekara 5. A Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashensa, sai dai da Turancin Ingilishi ake karatu, ki lissafa lokacin koyon harshen da kuɗin zama. Wuraren aikin a ƙasarmu sanannu ne: matatar man fetur ta SORAZ a Damagaram da aka buɗe a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, ma'adinin uraniyom na Arlit, simintin Malbaza. Ba su da yawa, kuma duk nesa da Maraɗi, wani lokacin har da aikin dare. Wannan ki tattauna shi da iyayenki tun yanzu.

In har zuciyarki ta rabu biyu, fara da lisans na shimi, ki riƙe darussan lissafi da kyau, sannan ki nemi masta a fannin sarrafa kaya a masana'antu. Kafin ki yi rajista, ki tambayi makarantar da kike hange ko tana karɓar mai lisans na shimi kai tsaye ko sai ya cike wasu darussa.