Kowane caji da layinsa a takardar kuɗin wuta

Ka tambaya ko jimilla kaɗai ta isa a ajiye wa kwastoma a kwamfuta. Ba ta isa ba, a rarraba. Kowane caji ya samu layinsa, da gurbin nau'insa (wutar da aka sha, haraji ko tsohon bashi), ranar farawa da ta ƙarewa, yawan kWh (ma'aunin wutar da aka sha), farashin kWh ɗaya, sannan kuɗin layin.

Inda zan ja maka kunne shi ne farashin. Kwafe shi cikin layin a ranar da aka fitar da takardar, kada ka bar shi rataye da teburin farashi, wato jerin farashin da ke cikin kwamfuta. In ba haka ba, randa aka ƙara kuɗin wuta lissafin tsofaffin takardu zai canja, kwastoma ya zo da tasa a hannu, kwamfutarka kuma tana nuna wani adadi daban.