Amsa ga ƙanwata ta Talatar Mafara kan alkaki da kahak ɗin Masar

Ƙanwata, saƙonki ya iso, na kuma yi murna da jin kin samu gurbin karatu a Azhar. Allah ya sanya albarka. Kin tambaye ni ko sana'ar da kika koya wurin Inna, alkaki da dublan da cincin, za ta riƙe ki a Alƙahira, da kuma abin da ya kamata ki ƙullo daga gida.

Ba zan ɓoye miki ba, kada ki ɗora lissafin zamanki a kan wannan sana'a. Takardar zaman da za a ba ki ta ɗalibta ce. Masu sayen alkaki a nan 'yan gida ne, ɗalibai irinki da ke unguwar Madinatu Nasr da Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar na ƙasashen waje, kuma kowa lallaɓa aljihunsa yake yi. Tun watan Maris na 2024, da dala ɗaya ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, man shanu da zuma suka yi tsadar da sai an yi shawara kafin a saya. Za ki samu ɗan ciniki ranar suna ko biki ko Sallah, ya ishe ki sabulu da kuɗin mota. Na haya da na abinci kuwa, ki tabbatar da hanyarsu tun kafin ki hau jirgi.

Duk da haka kada ki bar hannunki a Mafara, don akwai ƙofar da zai buɗe miki wadda takardar makaranta ba ta buɗewa.

A goman ƙarshe na azumi, matan Masar kahak suke yi. Wani ɗan dunƙulen gashi ne na fulawa da man shanu, ana cusa masa dabino ko haɗin zuma, a barbaɗe shi da garin sukari, shi ne abin tarbar baƙi ranar Ƙaramar Sallah. Al'adar tsohuwa ce. Fatimawan da suka fara ginin Azhar a shekarar 970 har gida suka ware, Darul Fiɗra, inda ake yin kayan zaƙin Sallah a raba wa jama'a. Maƙwabciyata 'yar Masar ce, muna gaisawa a matakala kawai, sai da na kai mata alkaki ta ɗanɗana. Ta ce wadda ta iya murɗa wannan ba za ta kasa kahak ba, ta kira ni mu yi na gidanta tare.

Aikin ya fi yadda ake ganinsa wuya. Kilo ɗaya na fulawa yana shan kusan rabin kilo na man shanu. Ana zafafa man sosai, a kwarara shi kan fulawar da aka zuba wa riɗi da wani garin ƙamshi da ake sayowa wurin masu kayan yaji, sannan a zauna murza da tafin hannu har kowane ƙwayar gari ya sha mai. Nan ne sirrin yake. In an gajarta murzar, sai ya fito da tauri; in ta yi, yana taɓa harshe yake narkewa. Sai an bari ya huce kafin a sa yis, domin zafi kashe shi yake yi, kuma ba a kirɓa kwaɓin, tattara shi kawai ake yi. Hannun da ya saba da kwaɓin alkaki yana son ya danna da ƙarfi, a nan kuwa sai an riƙe shi.

Abin da ya fi ba mu aiki shi ne haɗin zumar, wanda suke kira agamiyya: man shanu, ɗan fulawa, zuma da riɗi a kan wuta. In ya zarce lokacinsa da minti guda kan wutar, yana hucewa zai daskare ya gagari haƙori. In bai kai ba, yana shiga tanda zai tafasa ya fasa kwaɓin ya malale. Tiren farko haka ya yi mana, ya fashe ya kama ƙasa. Surukar maƙwabciyar tawa, wata dattijuwa da ke zaune gefe tana jan carbi, ta sa muka mayar da haɗin kan wuta kaɗan, muka rage yawan da muke cusawa, muka kuma sassauta ɗan matsen ƙarfen da ake zana samansa da shi, don zanen ba ado kaɗai ba ne, shi ke riƙe sukarin, amma in ya yi zurfi ya huda. Sauran suka fito yadda ake so, sama fari, ƙasa ja kaɗan. Har aka kusa sahur muna kai.

A daren nan na ji Larabcin da ba a koyarwa a aji. Ke da kika yi Islamiyya za ki iso da nahawu mai kyau, amma mai kayan miya da direban bas da mai gidan haya da Larabcin titi za su yi miki magana, kuma a bakin mata a madafi ake kama shi da sauri. Wannan maƙwabciya ita ta raka ni asibiti da yarona ya yi zazzaɓi cikin dare, ita ta tsaya mini wurin mai gida lokacin ƙarin haya. Ina ganin 'yan'uwanmu da yawa suna shekaru a nan ba su taɓa shiga gidan ɗan ƙasa ba, daga aji sai ɗaki, kuma kewa tana cin su ƙwarai. Ba na so ki zama cikinsu.

Batun ƙunshi kuma, kada ki wahalar da kanki da zoɓo, tsamiya, goruba, kuɓewa ko lalo, duk suna nan a kasuwa, lalo ma miyar ƙasar ce. Alkama da riɗi da dabino ba a magana. Ki taho da kanwa, daddawa, kuka da yajin gida, ki ɗaure su sosai saboda ƙamshi. Kafin ki taso, ki zauna da Inna ta auna miki alkakin da kofi ki rubuta, musamman tsamin da awannin da yake kwana, domin sanyin Janairu a nan yana jinkirta tashin kwaɓi fiye da hunturun Mafara. Ki gaishe ta da kyau, ki kuma sanar da ni ranar da za ki sauka.