Amsa ga 'yar uwar da makinta ya yi ƙasa a gwajin zaman aure

'Yar uwa sannu, na ga tambayarki, kin ce kin cike tambayoyin auna zaman aure a intanet makin ya fito ƙasa, wai ko auren naku ya kama hanyar mutuwa ke nan. Dan Allah kwantar da hankalinki. Na daɗe ina zama da ma'aurata masu neman shawara, kuma da irin takardun nan muke fara aiki. Jin daɗin aure daban, ɗorewarsa daban, ba tambayoyi iri ɗaya ke auna su ba.

Yawancin gwaje-gwajen da ke yawo a intanet jin daɗi suke aunawa. Wanda masanin zamantakewa Graham Spanier ya fitar a 1976 tambaya 32 ne, yana duba ko bakinku na zuwa ɗaya kan kuɗi da dangi da addini, yawan faɗa, abin da kuke yi tare, da nuna ƙauna. Na Funk da Rogge na 2007 har akwai gajerensa mai tambaya 4 kacal. Na ɗorewa kuwa, irin na Booth da abokan aikinsa na 1983, kai tsaye yake tambaya: kin taɓa tunanin rabuwa? kin yi wa wata aminiya maganar? kun taɓa tayar da zancen tsakaninku? Masaniyar halayyar ɗan Adam Caryl Rusbult ma ta nuna ba daɗi kaɗai ke riƙe mutum ba, akwai abin da ya zuba a zaman, shekaru da yara da wahala, da kuma ko yana ganin yana da wata mafita, shi ya sa za ki ga aure ba daɗi amma ya shekara talatin.

Ni ba jimillar maki nake fara dubawa ba, inda amsoshin miji da mata suka saɓa nake nema. Na ga mijin da ya zaɓi "kullum" a tambayar ko suna zama su yi hira a natse, matar ta zaɓi "da ƙyar", ya riƙe takardarta yana ta kallo ya kasa magana, shi wallahi a ganinsa lafiya lau suke. Daga nan aikinmu ya fara.

Don haka ku cike ku biyu, kowa shi kaɗai, ba ranar da aka yi faɗa ba, bayan 'yan watanni ku sake. Ki tuna a Amurka aka tsara su da Turanci, iyakar makin da aka sa don nuna akwai matsala ba lallai ta dace da kowa ba.

Amma in akwai duka ko tsoro a zaman, kar ki tsaya jiran maki, ki nemi taimako yanzu.