Idan jama'a suka yi ca a kan fim, wa ke da ikon sauke shi daga intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar sakandare ce kuma uwar 'ya'ya. A zauren WhatsApp ɗinmu na iyayen yara, ba a jimawa sai an turo guntun wani fim da aka ce yana Netflix ko YouTube, a ce kowa ya yaɗa don a yi Allah wadai har a sauke shi. Shin wannan kururuwa tana sa a sauke fim kuwa? Kuma me ya hana hukumar tace fina-finai ta tare su tun farko, kamar yadda take yi wa 'yan Kannywood? Daga wata malama a Yelwa, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Bari in fara da tambaya ta biyu, don amsarta ta fi gajarta.

Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wato NFVCB, da dokar 1993 aka kafa ta, zamanin kaset ɗin bidiyo da gidan sinima. Abin da dokar ta sani shi ne kayan da ake kamawa da hannu da shagon da ake garƙamewa. Fim ɗin da yake ajiye a na'urorin wani kamfani a ƙetare, yana shigowa wayarki ta intanet, ba shi da shagon da za a sa wa kwaɗo. Ita kuwa hukumar Kano, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ƙarfinta a kan mutane yake. Furodusa da darakta da jarumi a garin suke kwana, suna da lasisi, ana iya kiransu ofis gobe da safe. Shi ya sa a watan Mayun 2025 ta iya dakatar da fina-finai masu dogon zango har 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kawo mata su ta tace ba kafin a sake su. Amma ikonta a iyakar jihar Kano ya tsaya. Ko Bauchi bai iso ba, balle hedikwatar Netflix a Amurka.

An ga wannan giɓi ƙarara a 2023, lokacin da Prime Video, dandalin fina-finai na kamfanin Amazon, ta saki Gangs of Lagos. An nuna 'yan daba suna sanya kayan dodannin Eyo na al'adar Legas suna kisa, gwamnatin jihar Legas ta yi tir, ƙungiyar 'yan asalin Isale Eko, tsohuwar unguwar tsakiyar Legas, ta garzaya kotu tana neman diyyar naira biliyan 10. Sai a 2025 aka sasanta a kan takardar neman afuwa. Duk tsawon shari'ar ana ta kallon fim ɗin.

To, kururuwa tana aiki? Tana yi, amma ba don ƙarfin muryar masu yin ta ba. Abin da kamfani yake aunawa shi ne ko masu fushin suna da hanyar taɓa aljihunsa ko ma'aikatansa. Ki duba Indiya. A farkon 2021 wasu mabiya addinin Hindu suka kai ƙara wajen 'yan sanda a kan shirin Tandav na Prime Video, sai da aka yanke wasu wurare, Amazon kuma ta ba da haƙuri. A Janairun 2024 aka cire Annapoorani ɗungurungum daga Netflix, makonni kaɗan da sa shi, saboda labarin 'yar gidan malaman Hindu da take dafa nama. Indiya kasuwa ce da ba wanda yake son asararta, kuma kamfanonin suna da ofisoshi da ma'aikata a can waɗanda 'yan sanda za su iya gayyata. Haka Saudiyya ta aika wa Netflix takarda tana kafa hujja da dokarta ta laifukan intanet, aka cire kashi ɗaya na shirin barkwancin Hasan Minhaj a farkon 2019. A cikin Saudiyya kawai aka cire shi, sauran duniya ta ci gaba da kallo.

Inda babu irin wannan igiya, hayaniyar takan tashi a banza, wani lokacin ma ta zama talla. A Barazil, ƙarshen 2019, wasu 'yan barkwanci suka yi fim ɗin izgili ga Annabi Isa, alaihis salam, aka sa shi a Netflix. Mutum sama da miliyan 2 suka sa hannu a takardar koke, har aka jefa wa ofishin masu fim ɗin bam ɗin fetur. Wani alƙali ya ce a sauke, kotun ƙoli ta soke hukuncin washegari. A Masar kuma, Janairun 2022, har majalisa aka kai maganar fim ɗin Larabci na farko da Netflix ta shirya, kuma bai motsa daga inda yake ba.

Wanda ya fi koyar da darasi a ganina shi ne fim ɗin Faransa mai suna Cuties, na 2020. Wadda ta ba da umarninsa, Maïmouna Doucouré, 'yar asalin Senegal ce, ta kuma ce ta yi shi ne don ta soki yadda kafafen sada zumunta suke koya wa ƙananan 'yan mata rawar batsa. Ni dai ban yarda cewa kyakkyawar niyya ta wanke yadda aka ɗora kyamara a jikin yaran ba, wannan ra'ayina ne. Amma ki lura da yadda abin ya gudana. Wutar ta tashi ne tun a watan Agusta a kan hoton talla, kafin yawancin masu zagin su ga fim ɗin. Netflix ta ba da haƙuri a kan hoton, ta riƙe fim ɗinta. Turkiyya ta hana shi a ƙasarta, aka tuhumi kamfanin a gaban wata kotu a jihar Texas, mutane suka yi ta shelar sun daina biyan kuɗin wata. Da ya fito a Satumba, ƙaramin fim ɗin da da ba mai jin labarinsa sai ga shi a sahun waɗanda aka fi kallo a Amurka. Mafi muni, wuraren da ake ƙyamar su ne aka yanko aka baza a intanet da sunan faɗakarwa.

Nan ne maganar zaurenku ta shigo, Malama. Duk wanda ya tura guntun ya kai wa wasu gidaje ainihin abin da yake kuka da shi, gidajen da ko asusun Netflix ba su da shi. Wayar uwa kuwa, kin fi ni sani, rabin yini a hannun yara take. YouTube da TikTok kuma ba sa bambance mai kallo don sha'awa da mai kallo don takaici. Sun ga ana dannawa ana sharhi, sai su ƙara tura shi gaba. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Ga kuma wata: da yawa daga cikin guntayen nan tsofaffi ne, wasu ma ba daga dandalin da aka ambata suka fito ba, an dai liƙa musu suna ne don su yi gudu.

Ba ina cewa jama'armu ba ta da murya ba ne. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano bayan malamai sun taso a mumbari da gidajen rediyo. Ko hakan ya yi daidai, wannan wata muhawara ce daban. Abin lura shi ne mai yanke hukuncin ɗan siyasa ne da yake buƙatar ƙuri'ar masu ƙorafin. Saboda haka idan fim ɗin na gida ne, kuna da inda za ku dafa: hukumar Kano, ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN, da 'yan kasuwar da suke sa talla a cikinsa. Takarda mai ɗauke da sunan fim, da kashi na nawa, da minti na nawa, da sa hannun iyaye, ta fi tsinuwa dubu a Facebook tasiri.

Idan na waje ne, ku rubuta sunan kawai a zaure ba tare da bidiyo ba, kowa ya shiga ya danna wurin kai rahoto. YouTube takan ɗauki rahoton da ya shafi ƙananan yara da muhimmanci fiye da sauran. Mai Netflix a gida ya buɗe wa yara nasu ɓangaren, ya sa lambar sirri a na manya, ya iyakance shekaru. Ana ma iya toshe fim da sunansa. A YouTube akwai tsarin taƙaita abin da ake nunawa, ga kuma YouTube Kids don ƙanana.

Sai dai a yawancin gidajenmu ba ta waɗannan ƙofofi fim yake shigowa ba. Ta wurin masu tura fina-finai a waya yake zuwa, a shagon caji na bakin layi ko cikin kasuwa irin ta Wunti, daga nan ya bi Xender daga waya zuwa waya a aji. Mai wannan shago ɗan unguwa ne, an san mahaifinsa, mai unguwa da limami suna iya zama da shi a yi yarjejeniyar abin da ba zai tura wa yaro ba. Ku sa wannan a ajandar taron iyaye da malamai na gaba.