Kafin ka sayi 50mm, auna ɗakin amarya tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun da hantsi, aiki ne ya riƙe ni sai yanzu. Ka ce Nikon D3300 gare ka da objektif ɗin da ta zo da shi, wato gilashin bakin kamera, 18-55mm, kana ɗaukar suna da biki nan Tawa, hotunan bayan magariba suna fito maka da duhu da yashi-yashi, kuma wani a Yamai ya yi maka tayin 50mm f/1.8 na hannu. Na ga 'yan'uwa sun taso maka da “saya kawai”. Ni dai na ce ka ɗan dakata, don na taɓa sayen irinsa da gaggawa, na kuma ji a jikina.

Wajen maigidana na koyi aikin nan, da Pentax K1000 ta fim, 50mm ne a bakinta, babu zum, ƙafarka ce zum ɗinka. Tun wancan zamani 50 ya yi suna. Fim faɗinsa 36mm ne, tsayinsa 24mm, kuma a kansa 50 yana nuna abu kusan yadda idonka ke ganinsa, bai jawo ba, bai tura ba. Amma sensar D3300, wato farantin da haske ke faɗawa a kai, ta fi fim ƙanƙanta sau ɗaya da rabi. In ka ɗaura mata 50, aikin 75 zai yi maka. Masu ƙananan Canon su 80 ma zai ba su. A kamerarka 35mm shi ne ke zaune a mazaunin tsohon 50.

Ga shi da awon mita don ka gani. Ka tsaya mita 3 daga mutane: 50 zai kamo maka faɗin mita 1.4 kacal, 35 zai kamo mita 2, zum ɗinka a kan 18 kuwa kusan mita 4. To ka tuna ɗakin amarya a garin nan. Gado ya ci rabi, kabad da jere sun ci saura, ƙawaye takwas sun zauna kowa na son fuskarta ta fito. Ina za ka ja da baya? Ranar da na fara shiga irin wannan ɗaki da 50, na yi ta ja har na ture tiren kwanoni, daga ƙarshe a tsakar gida na tsaya ina leƙe ta ƙofa kamar wanda aka hana shiga, mata na ta dariya.

Inda masu cewa ka saya suka yi gaskiya shi ne haske, kuma ba ƙaramar gaskiya ba ce. Zum ɗinka in ka kai shi 55, iyakar buɗewarsa f/5.6 (lambar f in ta yi ƙasa, ƙofar haske ta fi faɗi). Wanda ke buɗewa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Hoton da ke tilasta maka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, zuwa 6400, wanda shi ke kawo yashi-yashin da kake kuka da shi, za ka ɗauke shi a 800 har da rara. Ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar wankan ango, fitilar waya biyu suka ishe ni na fitar da fuska tas. Sai dai ka sani ba shi da VR, abin nan mai rage rawar hannu, don haka kada saurin ƙyaftawar kamera ya sauka ƙasa da 1/100 na daƙiƙa. Ko da VR ɗin ma, hannunka yake riƙewa, ba ya riƙe yaron da ke tsalle.

Amma akwai tarko a ciki. In ka buɗe f/1.8 a kan 50, mutum na mita 2 daga gare ka, abin da zai fito garau daga gaba zuwa baya bai wuce santimita 11 ba, rabin taƙi ke nan. Ido ya fito, kunne ya fara narkewa. Na taɓa ɗaukar maijego da jariri ranar suna, uwar miji na tsaye bayanta taku ɗaya. A ɗan gilashin kamera komai lafiya lau. Da aka wanke hoto babba, maijego kamar ka taɓa ta, tsohuwa kuwa kamar hayaƙi. Aka ce da gangan na yi, wai dangin mata ne suka saye ni. Sai da na koma na sake ɗaukarta ita kaɗai kyauta, na haɗa da ban haƙuri. Tun daga ranar, mutane in sun kai sahu biyu ba na sauka ƙasa da f/4, sau da yawa ma f/5.6. Ka lura kuwa, in ka koma 5.6 ribar hasken ta tafi, ka dawo inda zum ɗinka yake. Saboda haka in hoton taro ne ke kawo maka kuɗi, filash mai juya kai, wanda za ka harba wa rufi ko bango hasken ya dawo a tausashe, zai fi yi maka magani.

Bayan hoto mai narkewa da kuke so, samari da 'yan mata ne ke biyansa, don Facebook da TikTok. Uwar amaryar da ta shekara biyu tana zubin adashi don jere, in ka narkar mata da kwanoni da labule, a wajenta hoto ya lalace.

Rana ma tana da nata. Da tsakar ranar bazara, ko a ISO 100, f/1.8 na neman saurin ƙyaftawa wajen 1/8000, kamerarka kuwa a 1/4000 ta tsaya. Farar shadda sai ta ƙone ƙurmus, babu ko zanen aiki. Ka rufe zuwa 2.8 ko ka ja mutum inuwa. Ga ƙurar hunturu: objektif biyu na nufin cirewa da mayarwa, kowane buɗi kuma ƙofa ce ga ƙura. Ni a ɗaki nake canzawa, kamera a kashe, bakinta na kallon ƙasa. A filin kokowa kam ba na ko gwadawa, kuma can 50 ma bai kai ba.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci a tayin nan na Yamai. Nikon na da 50mm f/1.8 iri biyu da ke yawo a hannun mutane. Akwai tsoho mai D a ƙarshen sunansa, da zoben lambobi a gindinsa. Akwai AF-S mai G, wanda ya fito a 2011. Mai D ba shi da injin saiti a cikinsa, wato mai daidaita hoto ya fito garau da kansa, jikin kamera ke juya shi, kuma D3300 da duk danginta na 3000 da 5000 ba su da wannan injin. Ni na sayi mai D a Yamai don arha, mai shago ya gwada mini a babbar kamerarsa yana kama saiti kamar walƙiya. Na sha tafiyar fiye da kilomita 500, na iso gida na ɗaura wa D5100 tawa, shiru kake ji. Da hannu na yi ta murzawa wata uku kafin na samu wanda ya karɓa, da faɗuwa. Arha ba ta ado. Duk abin da za ka saya, a kamerarka za a gwada shi, ka haska tocila ta cikinsa ka duba hazo ko wani abu kamar yanar gizo-gizo, ka kuma tabbata babu maiƙo a ganyayen da ke buɗewa da rufewa.

Kafin ka fitar da ko jika ɗaya, yi wannan. Juya zum ɗinka zuwa 35, ka manne shi da salatif, ka yi aikin mako guda a haka. Mako na biyu ka manne shi a 50. Wanda ya fi sa ka jin kamar ka ɓalle salatif ɗin, ba naka ba ne. Ni a ganina, da irin aikin da ka faɗa, AF-S DX 35mm f/1.8G za ka nema, wanda Nikon ta fitar a 2009 musamman don ƙananan kamerori irin taka. Hasken ɗaya ne, kuma yana shiga ɗaki. 50 ya jira sai ka fara samun masu son hoton mutum ɗaya daga kafaɗa zuwa sama, can ne yake sarki. Kuma kada ka sayar da 18-55, shi zai fisshe ka ranar da aka ce duk dangi su taru a hoto ɗaya.

Ka ce wa mutumin Yamai ya turo hoton rubutun da ke jikin objektif ɗin, ka sa mana a nan mu gani ko D ne ko G. 35 ɗina kuma yana nan, in kana da suna a makon nan ka biyo ta shago bayan la'asar ka ara, amma ka dawo mini da murfinsa, don na ƙarshe da ya ara har yau murfin bai dawo ba.