Tambaya da Amsa: Wannan gurnanin jitar shi ma kiɗa ne?

Tambaya: Salam. Don Allah ina neman ƙarin haske kan wani kiɗa da na ci karo da shi a YouTube, wai shi drone metal. Na kasa kunne na jima ba waƙa ba ganga, gurnani kawai kamar an tada janareto. Kiɗa ne da gaske ko wayata ce ta samu matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Wayarka lafiyarta lau, kiɗa ne, kuma ni dai ina ƙaunarsa sosai.

Asalin abin daga Birmingham ta Ingila ne, inda 'yan ƙungiyar kiɗa ta Black Sabbath suka fitar da albam ɗinsu na farko a 1970. Mai jitarsu Tony Iommi inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17, to daga baya sai ya riƙa sassauta wayoyin jitar don yatsun su samu sauƙi, sautin ya yi ƙasa ya yi kauri. Wannan nauyin da jan ƙafar su suka haifi doom, wato salon kiɗan metal mai nauyi da tafiya a hankali.

Sai a 1993 wata ƙungiya a Amurka mai suna Earth, ta Dylan Carlson, ta kai abin ƙarshe, ta saki albam na sama da awa ɗaya mai kiɗa uku kacal, ba mawaƙi, irin wannan ne ake kira drone metal. Yadda ake yi shi ne a daki wayar jita sau ɗaya a ƙure amfilifaya, sannan a juya jitar ta fuskanci sifika, ƙarar da ta fito ta sake girgiza wayar ta koma ciki ta sake fitowa, haka za ta yi ta zagaye ba ta mutuwa. 'Yan ƙungiyar Sunn O))) da aka kafa a Seattle ta Amurka a 1998 ma sunan wani kamfanin amfilifaya suka ɗauka, kaga har a suna sun nuna maka inda suka dosa.

Inda ya fi burge ni shi ne haɗuwarsa da jaz. A 2009 Sunn O))) sun gayyato Julian Priester, dattijon mai busa turombon da ya yi aiki da shahararren mai fiyanon jaz Herbie Hancock, wallahi in busar nan ta ɓullo daga cikin gurnanin sai tsigar jikinka ta tashi. A Jamus kuma akwai Bohren & der Club of Gore, su saksafon da fiyano suke ja a hankali ƙwarai. Ƙungiyar Boris ta Japan kan ƙara amsa-kuwwa da sautin da ke juya kai, irin na saikedelik.

Shawarata, kar ka ji shi ta sifikar waya, ba ta iya fitar da ƙasan sautin, kuma nan ne daɗin yake. Sa hedifon mai kyau, ka daina jiran amshi, ka bi yadda sauti ɗaya yake kumbura yana rawa yana canza launi.

Tambaya: An ce wasan waɗannan ƙungiyoyin na kai tsaye yana kurumta mutum, gaskiya ne?

Amsa: Akwai haɗari sosai. Ma'aunin lafiyar kunne shi ne desibel 85 (desibel shi ne awon ƙarfin ƙara) na awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma lokacin rabewa yake biyu, irin waɗannan wasannin ko suna haura 100. In za ka je ka tafi da abin toshe kunne kuma kar ka tsaya dab da sifika, ƙirjinka zai ji girgizar ko daga baya kake. Kunnen da ya kwana yana ƙara bai daina ba a kai shi wurin likita.